KADA MAI DOKI YA KOMA KUTURI

Duk wanda ya zauna Kakuri ko Makera zamanin da masaƙu ke tashe ya san yadda aiki ya ke a da. Da jiniya ta yi kuka sai ka ga mutane sun ɓullo ta ko wace kusurwa, waɗansu bisa kekuna, waɗansu a ƙasa, kowa yana gaggawa ya isa gaban injinsa. Tun daga 1957 da masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki har zuwa 2002 da aka rufe ta, ba a taɓa jin ma'aikacin da ya tuƙa injinsa yana zaune a gida ba. Inda inji ya ke, nan hannun mai aiki da shi ya ke. Haka kuma aikin ofis. Wanda ke so ya duba littafin haraji ko na albashi, tilas ya taka ya je inda littafin ya ke, ya yi sallama da mai mabuɗi, a buɗe masa akwati, a tsaya a kansa har ya gama.

To, yau al'amari ya sake. 'Ya'yan masaƙan nan da jikokinsu, da yawa daga cikinsu ba su san ƙarar injin saƙa ba. Kwamfuta ce abin neman abincinsu, a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha. Ita kuwa kwamfuta tana da wani hali wanda injin saƙa ba shi da shi, watau ana iya tuƙa ta daga nesa. Mutum yana zaune Legas, ko Kano, ko ma wata ƙasa ta ƙetare, sai ya shiga kwamfutar da ke bisa teburinka a Makera ta hanyar intanet, ya ga abin da ka ke gani, ya buɗe abin da ka ke iya buɗewa, ya rubuta, ya goge, kamar shi ne bisa kujerarka. Wannan al'amari ya riga ƙa'ida isowa ofisoshinmu da yawa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kansa da malaman ofis da malaman makaranta, gama su ne amanar takardun jama'a ke hannunsu.

Bari mu fara da bayanin yadda abin ya ke. Akwai manhajoji da aka yi musamman domin wannan aiki. Waɗanda aka fi sani su ne TeamViewer da AnyDesk da Chrome Remote Desktop, da kuma wadda ke zuwa a cikin Windows kanta. In an sa AnyDesk ko TeamViewer a kwamfuta, sai ta ba kwamfutar wata lamba, tamkar lambar gida. Na nesa ya kan nemi lambar nan ya rubuta ta a tasa kwamfutar. Sa'an nan ko dai a tambaye ka in ka yarda ya shigo, ko kuwa a nemi kalmar sirri daga gare shi. Da an yarda, shi ke nan. Kwamfutarka za ta riƙa aika masa hoton fuskarta a kai a kai, shi kuma duk harafin da ya danna, da duk motsin da ya yi da abin nan da mu ke kira linzamin kwamfuta, sai ya iso taka ya yi aiki. Kana zaune hannunka a cinya za ka ga 'yar kibiyar nan tana yawo ita kaɗai. Wanda ya fara kiran abin nan linzami ya yi basira, gama lalle wanda ya riƙe shi, shi ke juya doki.

Akwai abu biyu da mutane da yawa ba su lura da su ba. Na farko, manhajojin nan suna da wani tsari na shiga ba da sallama ba. In aka ajiye musu kalmar sirri ta dindindin, wanda ya san ta yana iya shiga ko da tsakar dare ne, muddin kwamfutar na kunne tana kuma haɗe da intanet, ba sai wani ya danna yarda ba. Na biyu, ba kullum ne mai kwamfuta ke ganin abin da baƙonsa ke yi ba. Ita ta cikin Windows, in na nesa ya shiga sai ta kulle fuskar kwamfuta ga wanda ke zaune gabanta. Waɗansu daga cikin sauran kuma suna da hanyar baƙanta fuskar. Ka ga ke nan an shiga ɗakinka, an kuma rufo ka waje.

Kada a zaci abin nan sabo ne a duniya, a wurinmu ne ya ke baƙo. A cikin Satumba 1940 wani masanin lissafi na Amurka, George Stibitz, ya nuna wa taron masana a Kwalejin Dartmouth yadda za a aika wa injin lissafi tambaya ta waya, injin yana can birnin New York, nisan fiye da mil 200, amsa ta komo musu. A 1998 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka saki manhajar VNC kyauta ga kowa. A 2001 kamfanin Microsoft ya sa wannan hanya a cikin Windows XP. TeamViewer ta fito daga Jamus a 2005, AnyDesk ta biyo ta daga can a 2014. Mu kuwa a nan Nijeriya, a 2001 ne wayar GSM ta shigo, ita ce daga baya ta kawo intanet har cikin unguwanninmu.

Amfanin abin ba ɓoyayye ba ne, mu kuwa ba mu cikin masu cewa a guji duk abin da zamani ya kawo. Kowa ya san manyan ofisoshin Gwamnatin Jiha suna hayin arewa na kogin Kaduna, kowa kuma ya san halin da a ke shiga a babbar gada ta wajen tashar jirgin ƙasa da safe da maraice. A ce kwamfutar da a ke shirya sakamakon jarrabawa a wata makaranta ta Sabon Tasha ta rikice ana gobe za a ba da hutu. A da sai a ɗauke ta a haye da ita cikin gari, a biya kuɗin mota, a ɓata yini, wata sa'a ma ta dawo da sabuwar cuta. Yanzu mai gyara yana shagonsa zai shiga ya duba ta, in matsalar ta manhaja ce ya gama kafin shayi ya huce. Ta haka mai gyara guda ya kan iya kula da makarantu da yawa, ba tare da ya taka gada ba. Nesa ta zo kusa.

Mun kuma ga ranar abin a 2020. A cikin watan Maris na shekarar, da annobar korona ta iso, Gwamnatin Jihar Kaduna ta umurci ƙananan ma'aikata su zauna gida, daga bisani aka hana fita baki ɗaya. Wanda takardunsa ke kulle cikin kwamfutar ofis, ba shi kuwa da hanyar isa gare su daga gida, aikinsa ya tsaya cik. Har wa yau, ran 1 ga Disamba 2021 Gwamnatin ta soma tsarin kwana huɗu a ofis, aka ce ma'aikata, ban da na makarantu da na asibitoci, su yi aikin Jumma'a daga gida. To, akawu ba ya aiki daga gida sai ta hanya biyu: ko dai ya kwashi takardun Gwamnati ya kai gida, ko kuwa ya iso gare su daga nesa. Ta biyun ta fi, in an tsare ƙa'ida, gama takardun ba su bar ofis ba.

Amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ƙofar da mai gyara ke bi, ita ɓarawo ke bi. Kwamfuta kuwa ba ta san fuskar kowa ba, lamba da kalmar sirri kawai ta sani. Ran 23 ga Disamba 2015, a ƙasar Yukren, ma'aikatan wutar lantarki suna zaune gaban kwamfutocinsu suka ga kibiya tana tafiya da kanta tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, suka kasa tsai da ita. Gidaje da wuraren aiki wajen 225,000 suka shiga duhu cikin tsananin sanyi, sai da ma'aikata suka je tashoshin da ƙafarsu suka mai da wuta da hannu. Bincike ya nuna tun watanni kafin ranar maharan suka shigo, ta hanyar wasiƙun imel na yaudara da ma'aikata suka buɗe. A Amurka kuma, a cikin Mayu 2021, aka gano an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ta wata tsohuwar ƙofar shiga daga nesa, wadda aka daina amfani da ita amma ba a rufe ba, da kalmar sirri guda tak. Mai ya tsaya kwanaki, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. A Fabrairu 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar cewa mazambata suna sa mutane su ɗora AnyDesk a wayoyinsu, su karanto musu lamba, sa'an nan su yashe asusunsu. Laifin ba na manhajar ba ne, an yi ta ne don aikin kirki. Mai waya ne da hannunsa ya miƙa linzami.

Kada wani ya ce, ai wannan na manyan ƙasashe ne, wa zai kula da kwamfutar ɗan akawu a Makera? To, mu duba abin da ke cikinta. Akwai jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, da lissafin albashi da na fansho, da rasit na haraji, da takardun filaye da na rumfunan kasuwa. A ta makaranta kuwa akwai tambayoyin jarrabawa tun ranarta ba ta zo ba, da makin yara, da hotunansu, da unguwanninsu, da lambobin wayar iyayensu. Mutanen hanyar Kachia ba su bukatar a gaya musu abin da irin wannan jeri ke iya jawowa in ya faɗa hannun mugu.

Abin da ya fi kamata ya hana malamin ofis barci shi ne wannan. Wanda ya shiga daga nesa ba ya fasa ƙofa, ba ya barin sawu a ƙasa, mai gadi bai gan shi ba. In ya ƙara suna guda a jerin albashi, ko ya mai da makin yaro daga 39 zuwa 93, da sunan wa aka yi? Da sunan mai kwamfuta, gama da izininsa aka shiga. Ran da masu binciken kuɗi suka zo, akawu za a kira, ba mai gyara ba. Zai rantse bai yi ba, gaskiya kuwa ya faɗa, amma ina shaidarsa? Mutum ya yi shekara ashirin yana aiki da mutunci, minti goma na sakaci su zubar masa da shi. Wannan shi ne mai doki ya koma kuturi, in kuwa dokin ya yi ɓarna a gonar mutane, mai shi za a nema.

Magabatanmu na En'e ba su san kwamfuta ba, amma sun san amana. Mabuɗin baitulmali ba a miƙa shi ga wanda ba a sani ba, ba a barinsa a jikin ƙofa, kuɗi kuma ba su shiga ba su fita sai an rubuta. In ma'aji zai bar aiki, sai ya miƙa mabuɗi ga magajinsa, an sa hannu. Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, amma bai soke waɗannan ƙa'idodi ba, su ne kuwa mu ke so a mai da su bisa kwamfuta.

Na farko, kai za ka nemi mai gyara, ba shi zai neme ka ba. Duk wanda ya bugo maka waya ya ce daga banki ya ke, ko daga hedkwata, ko daga kamfanin kwamfuta, ya ce an ga matsala, ka ɗora manhaja ka karanto masa lamba yanzun nan, to, ajiye wayar. Nemi ofishin ta lambar da ka riga ka sani. Gaggawa ita ce babban makamin mazambaci. Na biyu, in ka ba da izini kada ka tashi. Rufe duk takardun da ba su shafi gyaran ba, ka zauna idonka bisa kibiya. Da ka ga fuskar kwamfuta ta yi baƙi, ko an buɗe abin da ba a zo dominsa ba, yanke intanet nan take, sa'an nan a yi magana. Na uku, a ajiye littafi a ofis, a rubuta rana da sa'a da sunan wanda ya shiga, da dalilin shigarsa, da wanda ya ba shi izini. Littafin nan shi ne shaidarka ranar bincike.

Na huɗu, kada a bar ƙofar dindindin a buɗe sai da izinin shugaba a rubuce. In an bar ta, a sa mata kalmar sirri mai tsawo, ba sunan makaranta ko shekarar haihuwa ba, a kuma ƙara kulle na biyu, watau lambar nan da ke fitowa a wayar mai izini tana sakewa ko wane lokaci. Na biyar, a karɓe mabuɗi. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko aka rabu da mai gyara, a sake kalmar sirri a ranar, a kuma cire manhajar daga duk kwamfutar da ba ta bukatarta. Na shida, a riƙa sabunta kwamfuta. A cikin Mayu 2019 an gano wata kafa a hanyar shiga daga nesa ta tsofaffin Windows, wadda ta kai Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daɗe da sallama. Kamfanin ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, ya kuma daina ba Windows 10 gyara na yau da kullum a Oktoba 2025. Tsofaffin kwamfutocin hannu da suka cika shagunanmu, da yawansu waɗannan su ke ɗauke da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga shugabannin ofisoshi da na makarantu muna da magana uku. Ku rubuta ƙa'idar nan, da Hausa da Turanci, ku manna ta inda kowa zai gani, gama ba adalci ba ne a hukunta akawu bisa dokar da ba a taɓa karanta masa ba. In za ku riƙa leƙa kwamfutocin ma'aikata daga nesa don duba aiki, ku gaya musu tun da fari, leƙen ɓoye ba ya haifar da kome sai rashin yarda. Sa'an nan wanda ya zo da kansa ya ce, na yi kuskure na ba wani lamba, kada a wulakanta shi. In aka wulakanta na farko, na biyu zai yi shiru, shirun nan kuwa shi ɓarawo ke so. Ku tuna Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce in an yi ɓarnar da ke iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukuma cikin sa'a 72.

Kada kuma a jingina duk aiki ga intanet. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an rufe layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna sabo da sha'anin tsaro. Wutar lantarki ma kowa ya san halinta, kwamfutar da ke kashe kuwa ba mai shigarta daga nesa. Sabo da haka muhimman takardu a ajiye kwafinsu a ma'ajiyar da ba ta haɗe da intanet, a kulle a akwati, waɗanda suka fi muhimmanci kuma a buga su a takarda.

Ku kuwa malaman makaranta, nauyinku biyu ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya. In aka bari wani ya riƙe wa yaro linzami daga wani ɗaki yana amsa masa tambayoyi, ba a taimake shi ba, an cuce shi, an kuma cuci ɗan talakan da ya kwana yana karatu. Ku nuna wa yara wannan tun suna aji. Ku kuma nuna musu cewa ilmin nan sana'a ce ta halal mai kyau. Saurayin da ya iya shi yana zaune Narayi zai iya kula da kwamfutocin kamfani a Legas, albashinsa ya iske shi gida, ko da masaƙu ba su dawo ba. Amma jarin wannan sana'a amana ne. Wanda ya shiga kwamfutar wani ba da izini ba don zamba, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 tana jiransa da tara da ɗauri, ba ta kuwa karɓar uzurin cewa bai taka gidan kowa ba.

Jama'a, ba mu ce a ƙi miƙa linzami ba, akwai ranar da tilas sai an miƙa shi. Abin da mu ke cewa shi ne, ka san wanda ka ba, ka tsaya ka ga inda ya nufa da doki, ka rubuta, in ya gama ka karɓi abinka. Gobe in ka isa ofis, kafin ka taɓa wani aiki, duba kwamfutarka ka ga ko akwai irin manhajojin nan a ciki, ka tambayi wanda ya sa su, ka kuma tambayi mutum nawa ne suka san kalmar sirrinsu. In ba wanda ya iya ba ka amsa, to, ka san inda gyara zai fara. Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu. Amin.